Yumɓun Kanya a Samaru: Yadda ɗalibin zane ya koyi aiki, ya koyi riƙe kansa

Da asubar ranar da ɗan ƙanwata zai bar Kanya, a shekarar 2021, kayansa kashi biyu ne a tsakar gida. Ga abin da uwarsa ta haɗa masa: ƙullin garin masara, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, galan ɗin man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, risho, bokiti da 'yar katifa a naɗe. Kashi na biyu kuwa 'yar takarda ce guda, wadda wani tsohon ɗalibi ya rubuto masa daga Zariya, ɗauke da sunayen kayan aikin da zai saya in ya isa: fensira iri-iri, gawayin zane, manyan takardu, allon ɗora takarda, buroshi da fenti. Mahaifinsa ya juya takardar nan gaba da baya, ya dube ni ya ce, "Yaya, yanzu duk wannan doguwar tafiya, zane za a je koya?"

Ban ga laifinsa ba. Kanya tana cikin ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, a masarautar Zuru, kudancin jihar Kebbi. A ƙasarmu hanyoyin da yaro ke bi in ya gama sakandare sanannu ne. Na farko aikin soja, domin duk Najeriya an san mutanen Zuru da kaki, daga kurtu har janar. Sai koyarwa, sai aikin asibiti, sai ilimin noma, musamman da aka ɗaga kwalejin aikin gona ta Zuru ta zama jami'ar tarayya a 2020. Zane kuwa, a idon yawancinmu, abin da yaro ke yi ne a bayan littafi sa'ad da malami bai shigo aji ba. A makarantar da ya yi ma babu malamin zane ko ɗaya. Da biro ya koya wa kansa, yana kwaikwayon hotunan kalanda da na jikin motocin daf.

Wurin da ya nufa kuwa ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin zane a Afirka. Sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha, Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Najeriya a Ibadan ya fara, aka dawo da shi Zariya a 1955. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai ta gaji reshen kwalejin na Zariya da sashen baki ɗaya. A yau sassa biyu ne maƙwabta a Samaru: ɗaya na zanen fenti, sassaƙa, tarihin zane da koyar da shi, ɗaya kuma na ƙirar kayan masana'antu, inda ake koyon ginin tukwane da tangaran, rini da saƙa da zanen ɗab'i. Wanda ya bi ta wajen ba ya buƙatar a nuna masa. Lambun da ke jikin sashen cike yake da ayyukan siminti da ƙarfe waɗanda ɗalibai suka bari shekara da shekaru, wasu sun fi mutum tsayi, wasu gansakuka ta rufe su.

Makon farko ya kira ni da murya a sanyaye. A Kanya shi ne gwani, duk wanda ke son a zana masa wani abu wajensa yake zuwa. A aji kuwa an ɗora musu tulu, kwalba da ƙyalle a kan tebur, aka ce su zana, ya gama nasa cikin rabin sa'a ya zauna yana jiran yabo. Malamin ya zo ya tsaya a bayansa, ya tambaye shi ta ina haske ke shigowa ɗakin. Ya rasa amsa. Ashe tulun da ke cikin kansa ya zana, wanda ya sani tun yana yaro, bai ko kalli na kan tebur ba. Aka sa shi ya sake, ya sake, har sau huɗu. Ya ce mini, "Kawu, ashe ban iya kallo ba."

Shekaru biyun farko haka suke tafiya. Kowa sai ya taɓa komai kafin ya zaɓi fanninsa a aji uku. Ana koyon auna tsawo da faɗi da fensir a miƙe da hannu, ido ɗaya a rufe. Ana koyon haɗa launi, yadda ja da shuɗi da rawaya ke haifar da sauran, da yadda ɗigo ɗaya na baƙi ke kashe launi gaba ɗaya. Ana ɗora mutum a kujera a zana shi awa biyu ko uku. Sannan akwai littafin zane, wanda ba ya rabuwa da ɗalibi, dole ya cika, kuma ba a cika shi a ɗaki. Don haka ake ganinsu a kasuwar Samaru, a tashar Kwangila, a ƙauyen Bomo, a gindin dutsen Kufena, sun raɓe a gefe suna zana mai rake, da amalanke, da tumaki. Wasu 'yan kasuwa su yi dariya su gyara zama, wasu su kore su. Ɗan ƙanwata ya ce a nan ya koyi gaisuwar Zazzagawa da neman izini kafin ya buɗe littafi, abin da babu malamin da ya saka a darasi.

Aikin da ake ba su su kawo a ƙayyadadden lokaci suna kiransa furojet, kuma ya bambanta da jarrabawar da sauran ɗalibai suka sani. Mai karanta tarihi ko shari'a zai iya kwana biyu yana haddar littafi ya shiga ya rubuta. Fentin mai kuwa ba ya bushewa don ana sauri, yumɓu ma haka. Ranar duba aiki ana jera komai a jikin bango, naka kusa da na abokinka, malamai su bi ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa. Wanda ya yi aikin dare ɗaya, aikin ne zai tona shi.

A ɗaya gefen kuma ga zaman kai. Ɗaki ɗaya suka kama su uku a Hayin Dogo: shi, da wani yaro daga Kafanchan mai karanta ƙirar gine-gine, da wani daga Ilori da ke sashen rini. Yaron da bai taɓa ɗora tukunya ba, domin a gida akwai uwa da ƙanne mata, ga shi gaban risho da garin masara. Tuwonsa na farko gudaji ne zalla. Ya kira uwarsa, ta koya masa talge da ruɗe ta waya, tana faɗa yana yi. Ya koyi cewa ruwa sai an tashi da asuba a ɗebo, wanki ba ya jiran a gama furojet, kuma zazzaɓi in ya zo da tsakar dare babu mai ɗora maka hannu a goshi sai abokin ɗaki. Ɗan Kafanchan ne ya goya shi a babur zuwa asibiti ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi. Da azumi ya zo, shi ne kuma yake tashinsu sahur, alhali shi Kirista ne. Wannan bai zame wa ɗan ƙasar Zuru baƙon abu ba, domin a wajenmu gida ɗaya kan haɗa mai zuwa masallaci, da mai zuwa coci, da tsohon da ke riƙe da al'adar kakanni.

Abin da ya fi ba shi wuya lissafi ne. Ɗalibai suna da tsarin cin abinci da suke kira 0-1-0, wato ba karin kumallo, a ci da rana, a kwana haka. Ga ɗalibin zane abin ya fi tsanani, domin kuɗin da aka aiko masa baki biyu ke jiransa, cikinsa da aikinsa. Mudun shinkafa ko bututun farin fenti? Na sha jin wannan tambaya a muryarsa ko bai furta ba. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, sai kayan zane, waɗanda galibinsu daga waje ake shigo da su, suka fi ƙarfin ɗan talaka. Dabara ta shigo. Maimakon ƙyallen zane na kanti, sai a sayi yadi mai kauri a Sabon Gari, a ɗaure a katakon da kafinta ya haɗa, a shafe shi da fentin bango da aka dama da gam. Gawayi a roƙa wajen mai tsire. Kwali a tsinta a bayan shaguna. Ya riƙa rubuta allunan shaguna, yana zana hotunan mutane da fensir ana biyansa, lokacin zaɓen 2023 kuma suka kwana suna buga riguna da ƙyallaye. Da wannan ya biya rabonsa na kuɗin haya, karo na farko ba tare da ya kira gida ba.

Amma abin da ya juya karatunsa ya faru ne kafin wannan, a hunturun da ya shiga 2022. An ba su aikin gina kan mutum da yumɓu. Ya haɗa ƙashin aikin da katako da waya, ya kwana uku yana ɗora yumɓu yana gyara hanci da kunne, har ya ji ya gamsu. Daren ƙarshe gajiya ta kwashe shi, ya tafi ɗaki bai lulluɓe aikin da jiƙaƙƙen tsumma da leda ba. Iskar hunturun Zariya kuwa ba ta da wasa. Da safe ya tarar fuskar ta tsage daga goshi zuwa haɓa, kunne ɗaya a ƙasa. Waje ya bushe ya tsuke, ciki da sauran danshi, katakon kuma bai ba da hanya ba. Haka ya jera shi a jikin bango. Ya ce mini ranar ya yi niyyar haɗa kayansa.

Bai haɗa ba, sai aka haɗa masa. A ranar 14 ga Fabrairu, 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Ya dawo Kanya babu abin yi. Kakarsa ta wajen uba maginiyar tukwane ce, tun yana rarrafe yake ganinta tana aiki a bayan ɗaki, bai taɓa ɗauka cewa abin da take yi ya shafi karatunsa ba. Ya nuna mata hoton fasasshen aikin a waya. Ta karɓa ta kawo kusa da ido, ta ce, "Maigida, wannan ƙasar taka ba ka ba ta tsingaro ba."

Na zauna da su wata safiya na ga abin da take nufi. Ta ɗauko fasassun tsofaffin tukwane ta zuba a turmi, ta daka har suka zama kamar tsakin dawa, ta tankaɗe. Ta baje yumɓun da ta jiƙa tun shekaranjiya a kan tsohuwar fata, ta barbaɗa garin tsingaron, ta hau da dunduniya tana takawa tana juyawa. Can ta gutsuri kaɗan ta murza tsakanin yatsu, ta kai kusa da kunne, ta ce masa ya saurara. In ya ji ƙaras-ƙaras kaɗan, ya yi. In shiru, a ƙara. Tsingaron da ya riga ya sha wuta ba ya ƙara tsukewa, shi ke riƙe ɗanyen yumɓu kada ya ja da ƙarfi, shi ke buɗe ƙananan ƙofofin da danshi zai bi ya fita. Sannan ta murza yumɓun ya zama kamar igiya, tana ɗorawa zagaye bisa zagaye, hannun hagu a ciki, sakaina a waje, ita ce ke zagaya tukunyar da baya-baya tana sunkuye. Da ta kai wuya sai ta tsaya, ta rufe bakin da ɗanyen ganye, ta ja ta cikin inuwa. Ya ce me ya sa ba za ta ƙarasa ba, ga rana da sauranta. Ta ce gindin bai yi ƙarfin ɗaukar wuya ba tukuna, sai gobe.

Mako uku ya yi a gabanta. Sai ga watan Maris, lokacin da 'yan bindiga suka auka wa Kanya, aka yi artabun da jami'an tsaro da dama suka rasa rayukansu. Kamar sauran jama'a, gidansu suka kwashi abin da hannu zai ɗauka suka nufi Zuru wajen dangi. Tukwane goma sha wani abu da shi da kakarsa suka gina suna jere a ƙarƙashin rumfa, ana jiran su gama bushewa a kai matoya. Da suka dawo bayan ruwa ya sauka, rumfar ta faɗi, tukwanen sun narke sun koma tudun laka. Rumbu ɗaya a fashe, babu ko zangarniya. Tsohuwar ba ta ce komai ba, ta sa shi ya kwashe lakar ya mayar ramin jiƙo.

Da ya koma Zariya sai ya shiga neman abin da aka rubuta a kan ginin yumɓu na ƙasar Zuru, ya kuwa sha mamaki. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, sun shahara a wajen masana zane na duniya saboda tukwanen kabari. Mata ne ke gina su, sana'ar kuma gado ce a wasu gidaje. Akan gina tulu a kife, a ɗora masa siffar dabba ko ta mutum ko wani gini mai hawa-hawa, a toya, a kafa a kan kabarin babban mutum: sarki, ko gwanin kokawa, ko maharbi, ko shahararren manomi. Mujallar African Arts ta Amurka ta buga bayani a kansu tun 1973. Da Musulunci da Kiristanci suka yaɗu al'adar ta ja baya, da yawa daga cikin tukwanen kuma suka bi hannun dillalai zuwa gidajen tarihi da kasuwannin gwanjo na Turai da Amurka. Yaron da aka haifa a ƙasar, sai da ya je Samaru ya fara ganin hotonsu. Wannan abu ya tsaya mini a rai har yau. Muna bikin Uhola duk shekara, muna alfahari da al'adar golmo da kokawa, amma babu wanda ya taɓa gaya wa yaranmu a aji cewa kakanninsu mata sun gina abin da ake ajiyewa cikin gilashi a ƙasashen waje.

Hanyar da ya hau kuwa tsohuwa ce a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai na wannan sashe suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya, cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Galibin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. Ɗaliban suka ce za su karɓi dabarun da ake koya musu, amma kowa ya waiwayi gidansu ya ɗauko abin da zai haɗa da su. Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya ɗauko tatsuniyoyin Urhobo. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya, kuma da wuya a rubuta tarihin zanen zamani a Najeriya ba a fara da su ba. Ita ma jami'ar a 1977 ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa, maginiyar tukwane 'yar ƙabilar Gwari wadda ta koyi sana'ar a gida kafin a 1954 ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Da ɗan ƙanwata ya nuna wa kakarsa, ta daɗe tana kallon yadda matar ta riƙe tukunyar.

A aji uku ya zaɓi sassaƙa, nan kuma wata magana ta taso. Mahaifinsa ya kira ni ya ce ya ji ana gina mutum-mutumi a wannan fanni, shi kuwa bai aika ɗansa ya ƙera gumaka ba. Damuwa ce ta gaskiya, kuma iyaye Musulmi da yawa suna da ita, shi ya sa wasu ɗalibai ke karkata ga rini, ko tangaran, ko zanen ɗab'i. Yaron bai yi gardama ba. Ya ce darasin aji zai yi shi yadda aka ce, amma aikin da zai sa wa sunansa ba zai kasance da fuska ba. Ya cika alkawari. Tun daga lokacin tuluna yake ginawa, da randuna, da rumbuna.

A nan ina da ƙorafi, kuma ga mu iyaye da masu riƙe da tallafin karatu yake. Muna lissafa wa ɗalibi kuɗin rajista, haya da abinci, mu manta cewa akwai karatun da littafinsa siminti ne da rodi da fenti. Asusun ba ɗalibai rance na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, yana ba da Naira 20,000 a wata na kashewa. Taimako ne, amma adadin ɗaya ne ga kowa, alhali aikin kammalawa na mai sassaƙa kaɗai na iya cinye na watanni. Na ga yara masu hannu sun ƙanƙantar da aikinsu saboda aljihu, aka ba su maki daidai ƙanƙantar aikin. Kuma waɗannan yaran su ne gobe za su zana littattafan firamare, su tsara tambarin kamfanoni, su fitar da zanen atamfa, su koyar a makarantun da yau babu malamin zane.

Aikinsa na kammalawa rumbuna ne guda bakwai na yumɓu, irin na ƙasarmu, kowanne ya kai ƙugun mutum. Buhu biyu na ƙasar Kanya ya sa aka ɗoro masa a mota, ya haɗa da ta Zariya, ya daka tsingaro a turmin da ya ara wajen matar mai gidan hayarsu. Wata biyu yana gini, zagaye bisa zagaye, kullum da yamma ya lulluɓe da tsumma da leda kafin ya tafi. Huɗu ya toya a fili da itace da ciyawa, yadda kakarsa ke yi, abokan ɗakinsa suna taya shi tura wuta har asuba, suka fito ja da baƙin tabo inda harshen wuta ya lasa. Uku kuma ya bar su ɗanye da gangan, ya ajiye a waje ruwa ya dake su sau biyu, har suka sunkuya, bakinsu ya zube, sannan ya shigo da su ya jera tare da sauran.

Kakarsa ba ta iya doguwar tafiya yanzu, don haka ni da mahaifinsa muka je ranar da aka baje ayyukan. Ya shiga zauren da babbar riga, yana taka-tsantsan kada ya taɓa wani abu. Ya wuce zane-zanen fenti bai tsaya ba. Da ya iso kan rumbunan sai ya ja ya tsaya a gaban ukun da suka narke, ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya matsa ga ɗaya daga cikin toyayyun, ya ƙwanƙwasa cikinsa da ɗan yatsa ya ji ƙara, ya zura hannu ta baki har gwiwar hannu yana shafa ciki.

Ya ce, "Wannan bakin ya yi faɗi. In ka bar shi haka ɓera zai shiga."

Yaron ya ce, "To, Baba." Ya zaro littafin zanensa daga aljihu, ya miƙa masa fensir ya ce ya nuna masa daidai faɗin da ya kamata.